KAYAN AIKIN KARKARA: Agogon babur, lissafin tafiya da gyaransa

A wannan wata filin Kayan Aikin Karkara zai yi maganar babur, wanda mutane da yawa ke kira moto. Abu guda za a ɗauka a jikinsa, shi ne agogon da ke bisa kansa, wanda makanikai ke ce wa kwantar.

A ƙasar Cake, cikin gundumar Mayahi, babur ya zama jakin zamani. Da shi ake kai buhun hatsi da na wake kasuwa. Da shi ake ɗaukar mai naƙuda zuwa gidan likita cikin dare. Makiyayi yakan hau shi ya yi arewa duban ciyawa da rijiya kafin ya tada garke. Samari suna kabu-kabu da shi tsakanin ƙauyuka da Mayahi da Tasawa. Yawancin baburan nan tsofaffi ne. Sun bi hannu biyu ko uku kafin su iso ƙauye.

Wanda ya zaga inda ake jingine babura ranar kasuwa, ya leƙa kawunansu, zai ga da yawa agogonsu ya mutu. Wani gilashinsa ya fashe, ƙura ta cika shi. Wani wayarsa ta tsinke tana reto. Wani kuwa an cire shi ɗungum. In an tambayi mai shi, sai ya ce: "Ai babur na tafiya, agogo ado ne." Wannan magana ta cinye kuɗin mutane da yawa. Agogo shi ke riƙe lissafin babur. In ya mutu, mai babur bai san ranar juyen mai ba. Bai san yawan isansin da baburinsa ke sha ba. Ɗan kabu-kabu kuma bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba.

ABU BIYU DA AGOGO KE FAƊI

Na farko allura ce. Tana nuna gudun da ake yi a lokacin nan. In ta tsaya a kan 40, ma'anarsa in aka riƙe wannan gudu har awa guda, za a ci kilomita 40. Na biyu lambobi ne da ke cikin ƴar taga a tsakiyar agogo. Su ke tara dukan tafiyar da babur ya yi tun ranar da aka fara hawansa. Allura takan koma sifiri in an tsaya. Lambobi ba sa komawa, gaba kawai suke yi.

Kilomita guda mita 1000 ce. Ga babban mutum wajen taki 1300 ke nan, tafiyar minti 12 zuwa 15 a ƙasa. Lambobin taga galibi biyar ne. Ana karanta su daga hagu zuwa dama, kamar yadda ake koyarwa a ajin yaƙi da jahilci. In an ga 21340, kilomita dubu ashirin da ɗaya da ɗari uku da arba'in ke nan. A wani agogon akwai lamba ta shida can dama, mai launi dabam, fara ko ja. Ita mita ɗari-ɗari take ƙirgawa. Mita 100 kuwa shi ne tsawon gefe ɗaya na gona mai hekta guda, in gefenta huɗu daidai suke. Sai ta ƙirga 10 kana ta kusa da ita ta ƙara 1. Kada a haɗa ta da sauran wajen rubutu. In lambobi sun kai 99999, duka sai su koma sifiri, su sake sabon zagaye.

YADDA YAKE AIKI

Tsohon agogo ba ya aiki da batir. Ƙafar gaba ce ke tuƙa shi. A cibiyar ƙafar akwai wani ɗan ƙarfe, ko roba mai tauri, mai haƙora. In ƙafa ta juya, shi ma ya juya. Daga nan waya ta tashi ta hau har gindin agogo. Wayar nan biyu ce a haɗe. Akwai kube na waje, wanda ba ya motsi. Akwai ƴar ciki, siririya, mai juyawa kamar mazari. Bakinta na sama kusurwa huɗu gare shi, don ya kama ramin da yake shiga.

Cikin agogo, waya tana juya maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. An kife shi da ɗan ƙoƙo na alminiyam, amma ba su taɓa juna ba. In maganaɗisu na juyawa, yakan ja ƙoƙon ya bi shi. Allura a jikin ƙoƙon take. Akwai wani sifirin siriri kamar gashin wutsiyar doki, shi ke riƙe ta baya. In gudu ya ƙaru, ja ya yi ƙarfi, allura ta hau. In an rage, sifirin ya maido ta. Wayar nan dai ita ke tura waɗansu ƙananan haƙora masu juya lambobi. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1902.

Tayar gaba mai lamba 2.75-18, irin ta babura masu 125 da yawa, tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya. Cikin kilomita guda takan juya sama da sau 500. Waya ta fi ta sauri. A baburan Japan da yawa, sau 1400 take juyawa a kowace kilomita. Daga Maraɗi zuwa Tasawa wajen kilomita 120 ne. Wayar da ta yi wannan tafiya ta juya sau 168000. Abin da ke irin wannan aiki cikin ƙura, babu giris, dole wata rana ya tsinke.

DON ME AKE LISSAFIN TAFIYA?

Babban dalili shi ne baƙin mai. Inji ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, mai ne ke raba su. Babur mai 125 wajen lita guda kacal yake ɗauka. Da tafiya ta yi tafiya, man nan yakan tsinke, ya yi baƙi ƙirin, ya cika da ƙura da garin ƙarfe. Daga nan ya daina tsare inji, ya koma cinsa. Fistin ya sassauta, hayaƙi ya fara fita, ƙarfi ya ragu. Wata rana inji ya cije a tsakiyar daji. In da mara lafiya a baya, abin ya wuce hasarar kuɗi.

Masu ƙera babur sun san wannan hali. A shekarar 1974 kamfanin Honda na Japan ya aiki ma'aikatansa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Fakistan, su ga yadda talakawa ke riƙon babur. Suka iske ana ɗora masa mutum uku ko huɗu da kaya. Suka iske ba a juye mai sai ya yi kauri, ba a zuwa wurin makanike sai babur ya tsaya. Da suka koma, aka ƙera Honda CG125, ya fito a 1975, mai inji mai jure wahala. Baburan ƙasar Sin da yawa da ke shigowa Nijar, a kan tsarin wannan inji aka yi nasu. Shi ya sa suke haƙuri. Amma haƙuri da iyaka. Jaki ma in ba a ba shi ruwa ba, kwantawa yake yi.

Rairayin jigawa da budar hunturu sun fi kwalta cin inji. Saboda haka ga shawarar da ta dace da hanyoyin Cake da kewaye:

Kowace kilomita 500, a wanke sarƙa, a ɗiga mata mai kaɗan, a duba ɗaurinta. Mai da yawa rairayi yake kamawa.

Kowace kilomita 1000, a juye baƙin mai, abin da makanikai ke kira bidanji. A wanke soson da ke tace iska. Lokacin buda a riƙa wanke soson tun kafin haka.

Kowace kilomita 3000 zuwa 4000, makanike ya duba buji da bawul da birki.

Wanda ke da littafin da aka sayar da babur da shi, ya bi abin da ke ciki. Tsofaffi masu hayaƙi, irin su mobilet da Yamaha Mate, suna ƙone mansu tare da isansi. Su ma da lissafin kilomita ake goge musu buji, ake fidda baƙin toka daga salansa.

KAYEN BABUR

Dalili na biyu isansi ne, wato fetur. Tun 2011 Nijar ke tace nata mai a matatar SORAZ kusa da Damagaram. Duk da haka, shekaru da yawa mutanen jihar Maraɗi sun dogara da ruwa-ruwa, man kwalba da ke shigowa daga Najeriya, don ya fi araha. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin mai. Kuɗin kwalba ya tashi, kowa ya ji a jikinsa. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar isansi a gidan mai zuwa sefa 499, kusan dala 100 ke nan. Ko a haka, lita ba abin zubarwa ba ce.

Wanda ya koyi rubutu da lissafi, ga wurin da za su yi masa rana. Ya sayi kaye guda da bik, ya sa cikin leda, ya ajiye a aljihun babur. Kowane shafi ya raba shi gida huɗu: rana, lambar agogo, abin da aka yi, kuɗi. Ga misali:

3 ga Nuwamba. 21340. An cika tanki, an juye baƙin mai.

10 ga Nuwamba. 21550. An sake cika tanki, ya sha lita 6. Jika 3.

To, ga lissafi. A ɗebe 21340 daga 21550, saura 210. Babur ya yi kilomita 210 cikin mako. A raba 210 gida 6, a sami 35. Kowace lita ta kai kilomita 35 ke nan. Wannan daidai ne ga babur mai 125 mai lafiya. Cikin rairayi mai zurfi, ko da kaya mai nauyi, ba zai kai haka ba. Sharaɗin lissafin nan guda ne, a cika tanki har baki sau biyun duka.

Juyen mai na gaba kuwa, a tara 21340 da 1000, a sami 22340. A rubuta wannan lamba da manyan baƙaƙe a kaye, a kuma rubuta ta da gawayi a bangon zaure. Ranar da taga ta nuna ta, a nufi makanike.

Ɗan kabu-kabu ya ƙara mataki ɗaya. Jika 3 a kilomita 210, kowace kilomita ta ci kusan dala 3. In an ce ya kai mutum garin da ke kilomita 20, ya tuna da dawowa. Kilomita 40 ke nan, dala 120 na isansi kaɗai. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya da sarƙa ba, ba a sa ladan wahalarsa ba. Wanda ya karɓi dala 150 a wannan tafiya yana murna, baburinsa yake ci da kaɗan-kaɗan.

Kaye yakan tona abin da ido bai gani ba. A ce wata mai zuwa kilomita 210 ɗin nan ta sha lita 8. Akwai dalili. Ko soson iska ya toshe. Ko taya ba iska. Ko birki na kamawa. Ko kafireta na yoyo. Ko an gauraya isansin da wani abu. Ko kwalbar mai sayarwa ba ta cika lita ba. Lita 2 a mako jika guda ce. A shekara jika 52. Kowa ya san buhun hatsi nawa ke nan. In kuma lambar safe ta fi ta jiya da dare, to wani yaro ya yi yawo da babur bayan an kwanta.

IN ALLURA DA LAMBOBI DUKA SUN TSAYA

Kada a yi saurin sayen sabon agogo. Sau da yawa lafiyarsa lau, hanyar da ke kai masa juyi ce ta yanke. A bi ta daki-daki.

1. A duba noti biyu na waya, na gindin agogo da na wajen ƙafa. Gargadar hanyar burji takan kwance su. In ɗaya ya saki, a maida bakin waya cikin raminsa, a ɗaure da hannu. Wani lokaci gyaran ke nan duka.

2. In noti lafiya, a kwance na gindin agogo. A kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya. Wani ya danna baya don ƙafar gaba ta tashi. A juya ta gaba da hannu, ana kallon bakin waya.

3. In bakin bai juya ba, a zaro ƴar cikin daga kubenta. In ta fito guntuwa, ta tsinke. Sai sabuwa. A tafi da tsohuwar kasuwa tare da kubenta, don a gwada tsawo da baki. Wayar wani babur ba lalle ta shiga wani ba. Gajera takan tsinke in an karya kan babur, doguwa takan lanƙwashe. Kuɗin sabuwa bai kai abin da juyen mai guda da aka manta zai jawo ba.

4. In waya ba ta tsinke ba, kuma ba ta juyawa, laifin yana cibiyar ƙafa. Nan a yi tambaya guda: yaushe aka yi faci na ƙarshe? Ƙayar aduwa ba ta barin taya ta huta, kullum ana cire ƙafar gaba. Mai haƙoran nan yana da ƴan kunnuwa masu shiga gurbinsu a jikin cibiya. In mai faci ya maida ƙafa da gaggawa, kunnuwan ba su zauna ba, sai su lanƙwashe ko su karye. Agogon da ya mutu ranar faci, kusan kullum nan ciwonsa yake. A cire ƙafa, a miƙe kunnuwan a hankali, a wanke, a sa giris, a maida. In haƙoran sun cinye, sai a sake shi. A kula ƙwarai kada giris ya taɓa birki.

5. In bakin waya na juyawa, saura agogon kansa. A cusa bakin ƴar cikin a gindinsa, a murza ɗaya bakin da yatsu da sauri, kamar mai kaɗi. A gwada hagu, a gwada dama, don gefe ɗaya kawai yake amsawa. In allura ta ɗaga, agogo na da rai, bakin waya ne ya cinye ba ya kamawa. In ba ta motsa ba, ciwon na ciki ne.

IN ALLURA NA RAWA KO AGOGO NA KUKA

Allura mai tsalle, yanzu 20 yanzu 60, alama ce waya ta bushe ko ta lanƙwashe. Tana maƙalewa cikin kube, ta ƙwace, ta sake maƙalewa. Gargaɗi ne, ta kusa tsinkewa. A zaro ta, a wanke da kananzir, a goge. A shimfiɗa ta a kan tabarma a mirgina. In wani wuri na tashi yana faɗuwa, ta karye a nan, sai a sake ta. In santal take, a shafa mata giris kaɗan. A bar wajen taƙi guda na sama ba giris. In an shafa har sama, giris yakan hau cikin agogo ya danƙare ƙoƙon, allura ta yi nauyi.

Wajen maidawa, waya ta bi hanyarta ta asali, kada ta yi gwiwa. A karya kan babur hagu da dama a gani ko tana ja. Kada a ɗaure akuya ko jarka ko buhu a kanta.

In agogo na kuka kamar gyare, wurin da waya ke shiga ne ya bushe. Ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki ya isa.

In allura na aiki amma lambobi sun tsaya, ƙananan haƙoran ciki ne suka cinye. In lambobi na tafiya amma allura ta kwanta, sifirin ne ya tsinke, ko datti ya riƙe ƙoƙon. Waɗannan biyu aikin gwani ne. Bakin agogo a matse yake, wanda bai saba ba in ya buɗe shi da ƙusa ɓata shi zai yi. In lambobi kaɗai ke aiki, kada a yar da agogon, don su ne masu lissafi. Gilashin da ya fashe a rufe shi da farar leda mai kauri tun kafin damina.

Ranar da aka sa wani agogo, a rubuta a kaye lambar tsohon da ta sabon da kwanan wata. In ba haka ba, lissafi ya ɓace.

IN AGOGO NA ƘARYA

Wani agogon yana aiki amma ba daidai ba. Abu uku ke kawo haka.

Na ɗaya, taya. Agogo juyin ƙafa yake ƙirgawa. In an sa tayar gaba da ta fi ta asali girma, zai ƙirga ƙasa da gaskiya. In ƙarama ce, zai ƙirga fiye.

Na biyu, mil. Waɗansu tsofaffin babura da agogon kwance na ƙasashen Ingilishi da mil suke ƙirga. Najeriya ma da mil take awo kafin ta koma kilomita cikin shekarun 1970. A duba rubutun da ke fuskar agogo. In km/h ne, kilomita ce. In mph ne, mil ce. Mil 10 kilomita 16 ce. Mai irin wannan agogo ya juye mai kowace mil 620. In ya jira 1000, ya wuce ƙa'ida da kilomita 600.

Na uku, tsufa. Sifirin yakan gaji, allura ta riƙa nuna abin da ya fi gaskiya.

Gwajin ba wuya. A bakin babbar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta bi ta Maraɗi da Cadawa da Tasawa ta nufi Damagaram, akwai duwatsun kilomita masu lamba. Waɗansu sun faɗi, don haka a karanta lambar da ke jikinsu. A rubuta lambar agogo a dutse ɗaya. Bayan kilomita 10 a sake dubawa. In agogo ya ƙara 10, gaskiya yake faɗi. In 9 ya ƙara, a san yana cin ɗaya cikin goma. Allura kuwa da agogon hannu ake gwada ta. Na baya ya riƙe agogon, matuƙi ya sa ido ga hanya. A riƙe allura a kan 30. Daga dutse zuwa dutse ya kamata a ci minti 2. Mai babbar salula yana iya gwadawa da ita, don akwai masu auna gudu da nisa ta hanyar tauraron ɗan Adam.

IN BABU HALIN GYARA YANZU

Wanda ke nesa da kasuwa, ko makiyayin da ke mashekari, kada ya bar lissafi don agogo ya mutu. Ya ƙirga lita. Duk litar da ya zuba, ya ja layi ɗaya a kaye. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya jefa tsakuwa guda cikin gwangwani. In babur na yin kilomita 30 zuwa 35 da lita, to lita 30 ta kai kilomita 1000 ko kusa. Layi ya cika 30, lokacin juye ya yi. A zubar da tsakuwa a sake sabon ƙirga.

MAI SAYEN TSOHON BABUR

Bayan kaka, in an sayar da wake da gujiya da riɗi, mutane da yawa sukan nemi babur na hannu. Mai sayen bajimi yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora. Haka za a yi wa babur. Lambar agogo shaida ce, amma shaida guda ba ta isa ba. Ana iya cire waya a yi shekara ana tafiya lamba na tsaye. Ana iya buɗe agogo a maida lambobi baya. Ana iya sa na wani babur. Yana kuma yiwuwa ya kai 99999 ya sake zagaye.

Saboda haka a duba ko lambobin a jere suke, ko wani ya hau wani ya sauka. A duba bakin agogo ko akwai sawun ƙarfe. A duba robar matakin ƙafa da ta hannu da matakin birki. A duba haƙoran sarƙa, in sun yi tsini kamar ƙaya sun sha tafiya. Agogo ya ce 8000, roba kuwa ta cinye har ƙarfe ya fito, to ɗayansu na ƙarya, kuma roba ba ta iya ƙarya ba. A tada inji a ga hayaƙi. A hau a zaga a ga ko lambobi na motsi. A tafi da makanike amintacce, a nemi takardun babur.

Mai sayarwa shi ma ya ji tsoron Allah. Maida lamba baya algus ne, daidai da zuba ƙasa cikin buhun hatsi. Wanda ya riƙe kayen baburinsa tsaf, ranar sayarwa ya miƙa shi ga mai saye. Wannan kaye zai ƙara wa babur daraja fiye da sabon fenti.

ALLURA DA RAI

Saura magana ɗaya a kan allura. Wanda ya saba da rairayi, in ya hau kwalta ba ya jin gudun da yake yi. Allura ce za ta faɗa masa. A kan 60, babur na cin wajen mita 17 kafin mutum ya ce "ɗaya". In an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin a tsaya yakan ninka sau huɗu. Akuya ba ta sallama kafin ta ƙetare hanya, yaro ma haka. Allon bakin hanya mai da'ira ja da lamba a ciki, iyakar gudu yake nunawa. Mai mataccen agogo ba shi da abin da zai gwada da ita. A sa hular kwano, a rage gudu a cikin gari da bakin kasuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ana roƙon malaman yaƙi da jahilci na Cake da Mayahi da Tasawa su kai wannan darasi aji. A jingine babur a ƙofa. Kowane ɗalibi ya karanta lambar taga da bakinsa, ya rubuta ta a allo, ya tara mata 1000. Wanda ke da tambaya ya rubuto wasiƙa da hannunsa, ya ba malamin garinsu ya aiko. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin nan zai yi maganar taya da faci da yawan iskar da ta dace da rairayi. Allah ya kai kowa gida lafiya.